Abin da Goggo Ta Tsinta a Ƙarƙashin Katifata

Salamun alaikum jama'ar wannan zaure. Masu turo min zagi ta akwatin saƙo, duk na ga naku, amma ku rage saura, yau za ku fi buƙatarsa. Wanda kuma yanzu ya shigo, sunana Tahira, shekarata ashirin da huɗu, 'yar Malam Sha'aban mai makarantar allo a wani ƙauye tsakanin Minjibir da Zakirai. Ba zan faɗi sunan garin ba, don duk wanda ya yi atishawa a cikinsa sai an ji a gidan dagaci.

Tun farkon damina Baba ya ce min kafin a yanke gero in fitar da mutum ɗaya. Bai ɗaga murya ba, bai kuma zaɓa min kowa ba. Masu zuwa biyu ne. Akwai Alhaji Badaru na kasuwar Dawanau, ɗan gaban goshin Goggo Maijidda ƙanwar Baba, wanda zancensa daga buhu sai tirela, in ya gaji ya koma kan ciwon bayansa. Sai kuma Zaharaddini.

Zaharaddini malamin kimiyya ne a wata firamare ta wajen Zakirai, kuma wai marubuci. Kada ku ɗauka irin marubutan nan ne da 'yan mata ke rububin lambarsu. Shi labaran yara yake rubutawa, na abin da bai faru ba, a wuraren da babu wanda ya taɓa zuwa: jirgin da ke ratsa taurari, na'urar da ke gardama da mutum, garinmu bayan shekara ɗari biyar. Ƙato da gemunsa, ya zauna yana tunanin yadda akuya za ta yi tafiya a kan wata. Shaddarsa ruwan toka guda ɗaya ce, aljihun gaba kullum da tabon biro. Babur ɗinsa sai an tura. Ko saƙon waya zai turo sai ya sa waƙafi da aya, kamar mai rubuta wa hukuma takardar neman aiki. Ni na raɗa masa Malam Tauraro, sunan kuma ya bi gari, har matan da ke tsinkar zogale a bayan gidanmu da shi suke kiransa.

Kusan wata guda da ya wuce ya zo zance da wani abu a naɗe cikin jar fata, an ɗaure da zare. Ina zaune a bakin tabarma da hijabina mai ruwan goro, ina danna waya don ya san ba shi nake jira ba.

"Ga wani abu na kawo miki, Tahira."

"Turare ne?"

"Littafi ne. Sabo. Shekara biyu ina kansa."

Na ja tsaki a ciki na buɗe. Takardu ne waɗanda ba a ɗinke ba, rubutun hannu, kuma da ajami.

"Yo kai da ka yi boko, me ya kai ka ajami?"

"Biyun da na buga a baya 'yan firamare kaɗai suka amfana. Ɗaliban Malam fa? Su ma yara ne, su ma suna ɗaga kai su kalli sama. Ina so in roƙi Malam ya bari a riƙa karanta musu ranar Alhamis da ba karatu. Amma ke nake so ki fara gani, tunda kin fi ni hannu a ajami."

"Ka ɗauki hotonsa a waya dai ko?"

"Wayata ba ta da wuri. Shi ke nan guda ɗaya, ki kula da shi."

"Allah ya ba ka lafiya," na ce masa. Ya yi murmushi ya ce amin, don shi ko zagi ba ya ganewa.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na karanta shi. Na buɗe ne da niyyar in samo abin da zan yi masa dariya, sai ga ni har miyar Inna ta kama a tukunya ban sani ba. Labarin wata yarinya ce Khaulat, a wani zamani da ruwan sama ya ɗauke daga ƙasar nan gaba ɗaya. Aka zuba yara a jirgi da damin irin gero guda bakwai, aka aika su wata duniya mai rana biyu. A hanya abinci ya ƙare. Na'urar da ke tuƙa jirgin ta yi lissafinta tsaf, ta ce a daka irin a ci, shi ne hankali. Khaulat ta tuna kakarta, wadda ko a shekarar yunwa ba ta taɓa zangarniyar da aka rataye don shuka, ta tsaya a ƙofar rumbun jirgin ta ce sai dai a bi ta kanta. Abin da ya ba ni haushi, bai mai da na'urar muguwa ba. Ita ma gaskiya take faɗa, yaran na jin yunwa. Sai da na rasa bayan wa zan bi.

Sau biyar na karanta. A babi na takwas na yi kuka har da majina. Da ya turo saƙo, "Assalamu alaikum. Kin samu kin duba kuwa?" sai na amsa masa, "Ban samu lokacin shirme ba tukuna." Na cusa takardun a ƙarƙashin katifata ta wajen kai, don kada ƙannena su gan ni da su a je ana cewa Tahira ta faɗa.

Ranar Alhamis da ta wuce rana ta buɗe bayan kwana uku ana ruwa. Baba ya tafi ta'aziyya Minjibir tun da safe. Goggo Maijidda, wadda ta zo kwana biyu ta shiga wata na biyu, ta tashi da aikin neman suna, wai duk ɗakunan gidan warin sanyi suke, a fito da katifu a shanya. Ina bakin rijiya ina wanke-wanke na ji salatinta.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Aishatu! Aishatu fito ki ga abin da ake yi miki a gida kina barci!"

Inna ta fito da muciya a hannu. Goggo na tsaye a tsakar gida, ɗaurin ɗankwalinta ya zame, ta riƙe jar fatar da gefen zaninta kamar ta ɗauko mushen ɓera.

"Mene ne, Yaya?"

"Mene ne? Jar fata, an ɗaure da zare, a saitin kanta! Shekarata nawa a duniya da za a gaya min mene ne?"

Ta warware a kan turmi. Goggo ta yi saukar Alƙur'ani tun tana budurwa, tana gane baƙaƙe, amma ajami in ya wuce kalma biyu sai ya tsaya mata a wuya. Ta kai yatsa kan shafin farko tana haɗawa da kyar.

"Ɗa... ha... ra. Tahira! Ga sunanta nan ɓaro-ɓaro!"

Sadaukarwa ce ya rubuta, ni na sani. Ta ci gaba da bankaɗa har ta iso shafin da ya zana rana biyu da da'irori kewaye da su, a ƙasa kuma gidaje huɗu-huɗu cike da lambobi, lissafin kwanakin shuka a waccan duniyar.

"Hatimi! Wallahi hatimi ne! Ni dama na ce ba banza ba. Yarinya ta ga Alhaji Badaru da motarsa ta riƙa yatsina, ashe an ɗaure ta ne. Wa ya ba ki wannan?"

"Zaharaddini," na ce.

"Na faɗa! Mutumin da ke zancen taurari dare da rana, dama me ake jira ya zama?"

Kafin ka ce me, matan maƙwabta sun cika gidan, wata da goyo, wata da kullu a hannu. Waɗannan matan, in kana neman su taya ka surfe duk sai bayansu ya ƙage, amma salati ɗaya ya ishe su tsallake katanga. Inna ba mai hayaniya ba ce. Ta ajiye muciyar ta dube ni.

"Tahira, ke kin iya karatun nan. Malam ya koya miki. Mene ne a ciki?"

Ku tsaya ku ji, don a nan komai yake. Kalma uku ta ishe ni: labarin yara ne. Da na ɗauki shafi ɗaya na karanta musu, da an yi dariya an watse. Amma sai a tambaye ni yadda aka yi na sani. Sai in ce na karanta. Sai Goggo ta ce me ya kai shi ƙarƙashin kaina. Ga Sa'adiyya matar maƙwabcinmu a tsaye, wadda shekaranjiya na gama kwaikwaya mata tafiyar Malam Tauraro har ta riƙe ciki. In tsaya a gaban waɗannan in ce shirmen nan ya sa ni kuka? Na dubi bakinsu a buɗe, na ji na raina su duka, na kuma ce a raina ai Goggo ba za ta yi komai ba sai Baba ya dawo.

"Ni ban buɗe ba," na ce. "Ya ba ni, na jefa a can na manta."

"Kun ji ko!" in ji Goggo. "Ba ta ma san lokacin da ya shige ƙarƙashin kanta ba."

"Yaya, a bari Malam ya dawo," in ji Inna.

"A bari ya ƙara kwana a gidan? Irin wannan ba a jira da shi."

Ta zare shafin da ta kira hatimi ta soke a ƙugu, wai shaida. Ta sa aka kawo kasko da garwashi daga murhu. Tana karanta Falaƙi da Nasi tana tofawa, tana saka takardun kaɗan-kaɗan, matan na amsa mata da a'uzubillahi. Ina tsaye da soson wanke-wanke a hannuna. Na ga babi na uku ya naɗe ya yi baƙi. Na ga inda Khaulat ta tsaya a ƙofar rumbu, har na karanta layi ɗaya kafin wuta ta cinye. Da aka gama Goggo ta kwashe tokar ta kai bayan gida ta binne, ta dawo ta jiƙa min kanwa da wani ganye wai in sha in karya abin. Na sha.

Kafin azahar labari ya kai bakin kasuwa. Ƙawata ta turo min saƙo: "Ke wai da gaske Malam Tauraro boka ne?? An ce iyaye za su cire yaransu daga ajinsa." Ban amsa ba. Ƙarfe uku sai ga nasa: "Assalamu alaikum. Ina tafe bayan la'asar in sha Allah. In kin gama da takardun, zan so in nuna wa Malam yau." Na kife wayar a kan gado na zauna ina kallon bango.

Baba ya dawo ana kiran la'asar. Tun bai cire takalmi ba Goggo ta tare shi, ta zazzage masa komai har da ƙari, ta miƙa masa shafin. Ya karɓa ya tafi masallaci. Da aka idar na ji tarin babur ɗin nan a ƙofar gida, sannan aka aiko wai Baba na kirana a zaure, ni da Goggo.

Na durƙusa daga bakin ƙofa. Baba na kan buzunsa da tabarau a hanci. Zaharaddini na gefe a kan tabarma da shaddar nan tasa, ƙafar wandonsa duk taɓo. Daga ganin fuskarsa ya riga ya ji a hanya.

Baba ya juya shafin, ya fara karanta bayansa a bayyane, a hankali, yadda yake biya wa ɗalibai.

"Na'urar ta ce, 'In kun ci yau za ku kai gobe.' Khaulat ta ce, 'In mun kai goben, me za mu shuka a cikinta?' Na'urar ta yi shiru, don ba a taɓa yi mata tambayar da lissafi bai ƙunsa ba."

Ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge da bakin rawaninsa.

"Shekarar da aka yi fari muna yara, mahaifiyarmu ta ɓoye zangarniya goma sha biyu a cikin rufin ɗaki. Muna kuka tana kuka, ba ta sauko da su ba. Maijidda, ke kina goye a lokacin." Ya dubi Zaharaddini. "Ina sauran?"

Goggo ta gyara zama.

"Yaya Malam, ai ni na ga hatimi..."

"Kin ga zanen rana da lissafin kwanaki. Ina sauran, na ce?"

"Na ƙone."

Zaharaddini bai motsa ba. Hannunsa kawai na gani ya damƙe gefen tabarma. Baba ya daɗe yana kallon ƙanwarsa, sannan ya juyo kaina, kuma wallahi na gwammace ya ɗauko bulala.

"Maijidda ba ta iya ba, jahilcin abin ya ja ta. Ke fa? Da hannuna na koya miki ajami kina shekara tara. Sati uku abu na ɗakinki. Uwarki ta tambaye ki a gaban mutane. Tahira, kin san abin da ke cikin takardun nan ko ba ki sani ba?"

Na buɗe baki ban san me zai fito ba, sai na ji muryar Zaharaddini.

"Allah ya gafarta Malam, laifina ne. Ni na ce mata kada ta kwance sai na zo mun buɗe a gabanka. Amana ta riƙe. Ba ta san abin da ke ciki ba."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ya yi ta ido cikin ido da Baba, shi Zaharaddinin da ko ƙarfe nawa ne ba ya faɗa sai ya duba agogo. Baba ya dube shi, ya dube ni. Ban san abin da ya gani ba.

"To," ya ce. "Allah ya sa haka ne." Ya miƙa masa shafin da hannu biyu. "Gobe bayan sallar Juma'a zan tashi in gaya wa jama'a abin da na karanta da idona. Sunanka zan iya wanke maka. Wannan kuwa ba ni da yadda zan mayar maka da shi. Ka yafe mana."

"Ba komai, Malam."

Ba komai! Shekara biyu ta tafi a kasko, mutum ya ce ba komai. Haushinsa ya turnuƙe ni fiye da na Goggo. Wane irin mutum ne wannan da ba zai yi ihu ba, ba zai nuna ni da yatsa ya ce munafuka ba, in samu abin da zan riƙe in tsane shi da hujja?

Da ya fita na zagaya ta ƙofar baya na same shi a gindin darbejiya yana fama da babur. Ya ninke shafin ya sa a aljihun nan mai tabon biro. Gero ya kewaye mu ta ko'ina, ya fi mutum tsayi, ba mai ganinmu.

"Malam Tauraro," na ce, don bakina bai san wani sunan ba. "Wa ya roƙe ka? Ce maka aka yi ina neman mai rufa min asiri?"

Ya ɗago. Yau babu murmushin.

"Kin karanta," ya ce. "Na ga bakinki yana motsi lokacin da Malam ke biyawa. Kina riga shi kaiwa ƙarshen layi."

Na murguɗa baki.

"To sai me? In burge ni kake son yi da..."

"Ba ke na rufa wa ba, Tahira. Malam na rufa wa. Dattijo ne mai mutunci. Bai kamata a ce a gaban baƙo ya ji abin da 'yarsa ta zama ba."

Ya taka babur ɗin, ya ƙi tashi. Bai sake gwadawa ba, ya kama ƙahon ya tura shi ya bi hanyar cikin gonaki. Na tsaya ina jira ya waiwayo, har geron ya rufe shi.

Yau kwana biyar. Baba ya yi maganarsa a masallaci, yara sun koma aji, Goggo ta tattara ta tafi gidanta tana cewa ita dai don Allah ta yi. Alhaji Badaru ya zo jiya da kilishi, na ce a ce masa kaina na ciwo. Baba kuwa yana amsa gaisuwata, amma ya daina aiko ni in ɗauko masa littafi, ƙanwata yake kira.

Ni 'yar gidan hadda ce, abin da na karanta sau biyar ba ya barin kaina. Babi tara ne, duk suna nan, har inda ya soke kalma ya sake wata. Shekaranjiya na sayo takardu da biro a shagon bakin titi, na zauna da rana tsaka a tsakar gida, a kan turmin nan, inda duk mai wucewa zai gan ni. Sa'adiyya ta leƙo ta katanga ta ce me nake rubutawa haka. Na ce littafin Zaharaddini ne, na haddace shi. Ta riƙe haɓa ta sauka da sauri, na san inda ta nufa.

Ɗazu da hantsi na gama babi na farko, shafi goma sha ɗaya. Na ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya na tura masa, na rubuta a ƙasa, "Ka duba ko na yi kuskure." Har aya na sa.

Ya buɗe nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɗauke, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Sai da na kusa cinye farcena sannan saƙon ya shigo.

"Babu kuskure ko ɗaya. In kin gama sauran, ki ba Malam ya ajiye wa ɗalibansa. Ba sai kin sake turo min ba."